Ranar da Muka Je Cire Yaya Daga Ajin Sifaniyanci

Yayana mai gyaran waya ne. Kafin nan mai gyaran rediyo ne, kafin nan kuma yaro ne da ba a barin abu mai murfi kusa da shi. Tun bai iya ɗaura wando ba ya kwance tocilar babanmu, ya jera kayan cikinta a ƙasa, ya zauna yana kallonsu kamar an kawo masa baƙi. Ya sha duka a kan haka, bai daina ba. Da iyayenmu suka rasu ina 'yar firamare, shi ya riƙe ni. Shi ne girki, shi ne wanki, har kitso ya taɓa yi mini sau ɗaya, kitson da har yau idan na tuna sai in ji kunyar 'yan ajinmu. Shi ya tsaya mini har na zama malamar makaranta. Ni ce auta a gidan, kuma Auta yake ce mini har yanzu da furfura ta fara leƙo mini.

Mutum ne da magana take yi masa wuya. Ka ce masa ya gida, zai ce lafiya. Gidan yana ci da wuta ma zai ce lafiya, iyaka ya ƙara da cewa akwai ɗan zafi. Ni kuwa Allah ya ba ni nawa bakin, ya haɗa mini da nasa. Matarsa, wadda nake kira Anti, takan ce ta auri mutumin kirki amma har yau ba ta ji ƙarshen jimlarsa ba.

Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, a layin masu sayar da kayan waya. Mutum biyu ba sa tsayawa a ciki sai ɗaya ya yi gefe. Akwai tebur mai gilashi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da madubin ƙara girma, da wani faranti cike da ƙananan kusoshi waɗanda ni ko ganinsu ba na yi sai na ƙanƙance ido. Kullum wurin yana warin dalma. Duk layin an san cewa wayar da ta gagari kowa, wurinsa ake kai ta. Daga wannan lungun yake ciyar da Anti da 'ya'yansu huɗu.

Sifaniyanci kuwa rediyo ce ta jawo masa. Zamanin da yake gyaran rediyo, idan ya gama sai ya murɗa ya gwada, kuma akwai wata tasha ta can nesa da yake tsayawa a kanta, wata mata tana karanta labarai da sauri kamar ana bin ta. Bai san me take cewa ba, muryar ce kawai ta shige shi. Yana saurayi ya shiga cibiyar koyon harsuna, ya yi ƙananan azuzuwa, ya iya daidai gwargwado, da ya yi aure ya ajiye. Mun riƙa tsokanarsa: mutumin da bai gama amfani da Hausarsa ba, me ya kai shi tara wani yaren? Sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Shi ya sa da ya ce zai koma, bayan shekaru masu yawa, muka ɗauka wasa ne. Ashe ba wasa ba ne. Ajin ƙarshe ya nufa, na manyan da suke da aikin yi, wanda ake zama da yamma a tsakiyar mako da kuma safiyar Asabar, daidai lokacin da masu wayoyi suke cika layin. Sai ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo ya tafi. Idan ya dawo gida, ya toshe kunne da abin sauraro, ya rufe ido, ya yi ta motsa baki shi kaɗai. Ƙaramar 'yarsa ta taɓa tambayar uwarta ko Baba addu'a yake yi.

Daga nan aikinsa ya fara lalacewa. Ya sa wa wayar wani gilashi a karkace. Ya ƙona cikin wayar wata mata. Ya ba wani mutum wayar da ba tasa ba. Yaya, wanda a da ko ƙura ba ya bari a bayan murfi! Ya wuce Gwaggonmu a kan titi, kafaɗa da kafaɗa, bai ce mata uffan ba, ta zo har gidana ta zauna ta yi mini bayanin irin wahalar da ta sha a kansa tun yana jariri. A gida ya yi ta karo da bokiti, da kujera, da 'ya'yansa. Mu duka muka yanke hukunci: yaren nan ya cika masa kai, ba ya tare da mu. Masu kawo gyara kuma suka fara tsallakawa sabon shagon da aka buɗe a gabansa.

Wata ranar Alhamis Anti ta zo makarantarmu lokacin tashi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a bakin ajina idonta jawur.

"Auta, yayanki zai kashe shagon nan da hannunsa. Na yi magana, na yi fushi, na yi kuka. Sai ya ce mini lafiya."

"Ya ce miki me yake nema a ajin?"

"Wai yana so ya gama. Ya gama ya yi me? Yaran nan Sifaniyanci za su ci?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ranar Asabar ta shirya, har cikin ajin za mu je, a gaban malamarsa da kowa, mu ce ta sallame shi ya koma kan sana'arsa. Kunya za ta yi masa abin da lallashi ya kasa. Na kwana ina tsara maganar da zan yi, har da inda zan ɗaga murya da inda zan sassauta.

Cibiyar tana saman wani tsohon bene, ƙasansa masu buga takardu ne. Muna hawa matakala muka jiyo dariya, da muryar wani namiji yana ta zuba ba tsayawa. Anti ta damƙe mini hannu.

"Muryar wa nake ji?"

Na leƙa ta ƙofa. Yaya ne. Yana zaune a gaba kusa da taga, hannayensa suna tashi sama, yana ba da wani labari, yana canza murya, yana kwaikwayon wani, mutane suna riƙe ciki. Na saki baki. Tun da nake ban taɓa ganin haƙoransa na can ciki ba sai ranar. Duk maganar da na tsara ta watse daga kaina.

Ɗaliban duk manya ne. Akwai wata nas da kayan aikinta, da wata hajiya mai shagon yadi, da wani dattijo da ya yi ritaya daga kwastan, da wani ƙaton mutum direban tanka, da wasu kaɗan. Kujerun an jera su biyu-biyu, baya da baya, wai don su saba fassara ba tare da ganin fuskar mai magana ba. Malamar wata 'yar tsohuwa ce daga can ƙasar, gajeriya, gashinta fari fat, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba.

Anti ta yi sallama ta ce, "Ni ce matarsa." Dariyar Yaya ta yanke nan take. Malamar kuwa sai ta hau tafi da murna, kamar an aiko mata da kyauta. Dattijon kwastan ya yi mana bayani. Ajin nan aikin tafinta ake koyo, kuma abin da suka fi rasa shi ne baƙon da ba ya jin yaren ko kaɗan. Dokarsu ita ce, duk baƙon da ya shigo sai an ba shi tafinta. Tafinta kuma ba ya ragewa, ba ya ƙarawa, ba ya gyara wa kowa magana, duk abin da aka faɗa a ɗakin sai ya maido shi. Ba ya cewa "ya ce" ko "ta ce", sai dai ya ɗauki bakin mai maganar ya ce "ni". Ranar kuma direba ne a kan layi.

Aka ba Anti kujera a gaban Yaya, direban ya ja tasa ya zauna a bayan kafaɗarta yana gyara murya. Ni ba kujera, sai na zauna a wani benci jikin bango, a hagun Yaya, kusa da shi har zan iya taɓa hannun rigarsa. Ko juyowa bai yi ba. Na ce a raina, au, fushi ne? To mu zuba. Ni ma na kama bakina ina jiran lokacina.

Yaya ya yi wa malamar magana da sauri, ƙasa-ƙasa. Direban ya maido da ƙatuwar muryarsa: "Malama, don Allah a bar fassarar nan yau."

Malamar ta kaɗa hannu tana dariya, ta juya wajen Anti ta hau magana, direban yana bin ta a baya cikin fara'a, yana jin daɗin yadda yake kamo ta.

"A'a, yau ma ta fi dacewa. Madam, sannu da zuwa. Mijinki ne gwanin ajin nan, kunnensa ya fi na kowa. Kuma ina jinjina miki, ba kowace mace za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba. Me likita ya ce wannan karon? Idon na dama zai kai shi ƙarshen shekara?"

Anti ta dubi direban, ta dubi malamar.

"Wane ido?"

Direban, saboda sabo, har ya juya tambayar zuwa Sifaniyanci kafin ya gane abin da ya faɗa. Malamar ta sa hannu ta rufe baki. Nas ɗin ta miƙe tsaye, ta manta da dokar aji, ta ce da Hausa, "Innalillahi! Baiwar Allah, ba ki sani ba?"

Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, na ga kowa a ɗakin nan ya sani. Hajiya mai yadi ta sani, dattijon kwastan ya sani. Kuma ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa mutum zai gaya wa 'yan ajinsa irin wannan magana ya bar matarsa.

Direban ya yunƙura zai tashi, gumi yana tsiyaya a wuyansa. Yaya ya faɗi wani abu. Mutumin ya koma ya zauna, ya maido maganar da Hausa a hankali, "Zauna ka ƙarasa aikinka."

"Baban yara," in ji Anti, "yi mini magana da Hausa."

Ya buɗe baki. Hausar ta ƙi fitowa. Ya sake gwadawa. Sai ya sunkuyar da kai ya koma Sifaniyanci, maganar kuma ta ɓalle masa. Haka muka zauna muka ji labarin Yaya daga bakin wani ƙato da ba mu taɓa gani ba.

"Idona na hagu ya tafi tun bara. Na dama yana rufewa daga gefe, yanzu kamar ta cikin tiyo nake leƙen duniya. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, iyaka a rage masa gudu. Ranar da ya gaya mini na koma shago na kunna fitila, na duba kayan aikina, na ga duk na mai ido ne. Na tambayi kaina me nake da shi da ba ya buƙatar ido. Sai kunne da baki. Akwai kamfanin da yake ɗaukar tafinta ta waya, saboda mutanenmu da suke can, mutum yana kwance a asibiti ba ya jin likita, likita ba ya jinsa. Takardar ajin nan suke nema. Na so in zo miki da labari biyu a tare, in ce ido ya tafi amma ga aiki. Ban so in zo miki da guda ɗaya ba."

Anti ba ta yi kuka ba tukuna. Ta juya kujerarta ta fuskanci direban, ta ba mijinta gefe.

"Malam, tunda ta bakinka ake jin gaskiya, tambaye shi. Me ya sa waɗannan bayin Allah suka sani ni ban sani ba? Na ce masa malalaci. Na kai ƙararsa wurin dangi. Ya tuntuɓe da bokiti na ce masa ya riƙa duba gabansa! Ya zuba mini ido ina ɗaukar alhakinsa?"

Bawan Allah ya juya maganar tsaf zuwa Sifaniyanci, ga mutumin da ya ji ta sarai da Hausa. Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya amsa, direban ya maido.

"Da yaren nan, idan na ce zan makance, kalma ce da na koya a aji, ina iya faɗinta in sha ruwa. Na tsaya a bayanki kina girki ba sau ɗaya ba zan faɗa miki da Hausa. Sai in ji idan na faɗa, ya tabbata."

Nan hawayen Anti suka zubo. Nas ɗin ta zo ta dafa ta, tana ba ta haƙuri, tana cewa wallahi sun ɗauka da sanin gida ake komai. Daga bakinta muka ji sauran. Tun da karatun ƙananan rubutu ya gagare shi, 'yan ajin ne suke karanta masa darasi su ɗauka a waya, kowa da ranarsa, shi ne abin da yake saurara a gida ido rufe. Dattijon kwastan ne yake karanta masa kalmomin kotu, ita nas ɗin na asibiti. Idan an tashi, direban ne yake sauko da shi daga bene, ya dafa kafaɗarsa kamar suna hira. Kunya ta kama ni har ban san inda zan sa kaina ba. Aikin da ya kamata mu yi ne baƙi suke yi, mu kuma muna can muna shirya yadda za mu tozarta shi. Na kuma ji haushinsa, ba zan ɓoye ba, haushi mai yawa.

Anti ta share fuska da gefen mayafinta. Ta dubi malamar.

"Yaushe ne jarrabawar?"

Direban ya kai, ya kawo. "Bayan wata biyu. Mai wuya ce. Ana sa musu muryoyin mutane daga ƙasashe daban-daban, wani yana kuka, wani yana faɗa, layi yana yankewa. Da yawa ba sa ci a karon farko. Amma idan bai yi fashi ba, ina sa ran zai ci."

"Ba zai yi fashi ba," in ji Anti. "Ni zan riƙa kawo shi. Shagon kuma ya bar taɓa wayar mutane, ni zan zauna in sayar da caja da murfi, abin da ya samu mu ci. Gaya mata haka. Shi kuma ka ce masa maganarmu ba ta ƙare ba, sai mun je gida."

Yaya ya gyaɗa kai. Sannan ya ƙara wata magana, a hankali, yana murza yatsunsa. Na ga duk ajin sun ɗago sun dube ni, don duk wanda ya ga fuskata ya ga tasa. Direban bai fassara ba. Ya dubi malamar kamar mai neman a cece shi. Yaya ya ɗaga kai yana jira. Sai mutumin ya sa idonsa a kaina, ya yi aikinsa.

"Alfarma ɗaya nake nema. Kada ki gaya wa Auta tukuna. Bakinta ne kawai mai kaifi, zuciyarta ba ta da ƙwari. Ni na goya ta ranar da aka fita da mahaifiyarmu, na san yadda take kuka. Ba na so ta ga ana ja mini hannu. Ki bari in ci jarrabawar, ni zan je har gidanta."

Sai a lokacin na gane. Ba fushi ne ya hana shi juyowa ba. Tun da muka shigo ina zaune a gefensa, ina jin numfashinsa, bai san ina ɗakin ba.

Na miƙa hannu na taɓa rigarsa.

"Yaya."

Ya zabura har kujerar ta yi ƙara. Ya juyo da dukan jikinsa, yana lalube da fuska, ya wuce ni ya kai bango, ya dawo, sannan ya same ni.

"Auta?" Wannan karon da Hausa ne, da bakinsa. "Tun yaushe?"

"Tare muka shigo."

Sai ya kama hannuna ya ja ni a hankali.

"Taso daga nan, ba na ganin nan. Zo ta gabana, saitin taga, in kalle ki sosai tun da sauran dama."

Na tashi na durƙusa a gabansa, inda hasken yake.